Yadda zaka mayar da wayarka shago, ga masu ƙaramar sana'a a Jos

Jama'a assalamu alaikum. Wannan rubutun na masu neman na kansu ne, mai atamfa a Terminus, mai gwanjo a Katako, mai kayan gwari a Farin Gada, da iyayenmu da ƙannenmu mata da ke cikin gida suna haɗa turaren wuta ko dambun nama ko cincin a Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos. Kowa yanzu yana da waya, kowa yana saka data, amma tsakani da Allah datar yawancinmu a kallon rigimar wasu take ƙarewa, kaya kuma suna nan jibge suna shan ƙura. Tun daga farko bari in faɗa maka inda na dosa, abin da ke kawo ciniki a waya shine yawan mutanen da suka ajiye lambarka kuma suka yarda da kai. Mabiya dubu goma a TikTok kamar cunkoson Terminus ne ranar jajibirin sallah, kowa wucewa yake, wanda ya tsaya ya karɓi lambarka shi kaɗai ne naka. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan yake tafiya.

Kafin mu shiga danne-danne, ka ɗan duba yadda su kansu kamfanonin layi suke tallarsu, don darasi ne kyauta. Lokacin da MTN da Econet, wato Airtel na yanzu, suka fara aiki a 2001, layi kaɗai sai ka kai dubu ashirin ko fiye, kira kuma da minti ake lissafi, ko sakan biyar kayi an cire maka kuɗin minti guda. Da Glo ya shigo a 2003 ya kawo lissafi da sakan, sai kowa ya bi dole, kuɗin layi kuma ya faɗi warwas. Glo bai ƙirƙiro wata sabuwar waya ba, abin da yayi kawai ya yanka kaya daidai aljihun talaka. Har yau salon kenan, data ta kwana ɗaya, ta sati, ta dare, ta WhatsApp kaɗai, ga bashin kati in ka maƙale. Haka Tecno da itel da Infinix, duk kamfani ɗaya ne ke yinsu wato Transsion, sun cinye kasuwarmu ne saboda sun lura muna son layi biyu a waya ɗaya kuma wuta bata ishe mu ba, sai suka bamu gidan layi biyu da batir mai daɗewa. Toh kai ma haka zakayi tunani. In buhun dankalin turawa kake saidawa, ka tallata rabin buhu da kwata da kwando ɗaya, in turare ne kiyi 'yar ƙaramar kwalba ta gwaji, wanda ya sayi ƙarami yau shi zai dawo ya sayi babba.

Abu na biyu da ya kamata ka lura, harkar ta tashi daga kira da tes ta koma data da bidiyo da tiransifa. Kuma datar ta yi tsada, a Janairun 2025 hukumar NCC mai kula da kamfanonin layi ta amince kamfanoni su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Ma'ana kwastomanka yana lissafin duk abin da zai buɗe. Ka riƙe wannan a ranka, zamu dawo kansa wajen maganar sitatus.

Layi da waya

Ka ware layin sana'a daban da na gida. Wannan ba ƙawa bane, ranar da ka ɗauki yaron shago ko matarka ta fara tayaka amsa saƙo zaka gane amfaninsa. Layin ya zama da sunanka akayi rajista, da NIN ɗinka, tunda tun ƙarshen 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layi da NIN. Kar ka yarda ka sayi layin da wani ya riga yayi wa rajista a bakin titi wai don ya fi sauri, ranar da ya ɓata ko aka rufe shi baka da bakin magana a ofis, kuma duk kwastomomin da ka tara shekara da shekaru a wannan lambar suka sanka. In kana da layin da ka ajiye baka amfani da shi, ka dinga saka masa kati kana kira jefi-jefi, don layi in ya daɗe a kwance kamfani yana karɓewa ya saida wa wani.

In sabis ɗin layinka baya kyau a unguwarku, ba sai ka canza lamba ba. Tun 2013 ana iya ɗaukar lamba daga wannan kamfani zuwa wancan, kaje ofishin wanda kake son komawa da katin shaidarka su yi maka. Kuma kar ka bi maganar wani a kan wane layi ya fi, Jos gari ne na duwatsu da gangare, layin da ke gudu a Rayfield zai iya yin rarrafe a cikin lungun Dilimi, ka gwada a inda kake zama da inda kake kasuwa. Lambobin dannawa kuma yanzu iri ɗaya ne a duk layuka tun 2023, *310# duba kuɗi, *312# sayen data, *323# duba sauran data, *303# bashi, 300 kuma kiran kamfani. In ka kai ƙara kamfani basu kula ka ba, 622 shine na NCC kuma kyauta ne.

Maganar 5G kuwa, MTN ya fara a 2022, Airtel ya biyo a 2023, kuma ba ko'ina ya kai ba. Ni dai a ganina mai ƙaramar sana'a bashi da dalilin cin bashi don wayar 5G, 4G ya isheka tura hoto da bidiyo. Abu uku zaka duba a waya, kyamara mai fitar da kala yadda take, batir, da wajen ajiya mai yawa don hotuna suna cika waya da wuri. In ta hannu zaka saya, ka danna *#06# lambar IMEI zata fito, ka gwada ta da ta jikin kwali in akwai, ka sa a rubuta maka rasit da wannan lambar da sunan shago. Waya mai arha ba rasit ta sha kai bayin Allah ofishin 'yan sanda. Ka haɗa da fawa bank, wannan ba sai na yi bayani ba, kowa ya san halin wuta.

WhatsApp Business

Ka sauke WhatsApp Business, kyauta ne, tun 2018 yake, kuma zai zauna a waya ɗaya da WhatsApp ɗinka na gida matuƙar lambobin daban ne. Ka saka sunan sana'a, hoton kaya ko na shago, lokacin buɗewa da tashi, da kwatance irin namu, kaza da kaza kusa da Masallacin Juma'a, ko bayan gidan mai kaza a Bauchi Road, don lambar gida a Jos bata kai mutum ko'ina. Akwai wajen jera kaya da hoto da farashi, yana ɗaukar har kaya 500, in wani ya ce turo min abin da kake da shi sai ka tura masa mahaɗin wajen, wato link, kawai maimakon ka zauna kana tura hoto ɗaiɗai. Akwai saƙon maraba da ke tafiya da kansa, akwai kuma amsoshin da zaka rubuta ka ajiye, irin lambar asusu da kuɗin aike zuwa Abuja, da ka danna alamar / sai su fito. Ka riƙa yi wa mutane alama kuma, wannan sabo ne, wannan ya biya, wannan ana binsa, wannan mai tambaya ne kullum baya saye.

Yanzu ga inda mutane da yawa basu gane ba. Sitatus ɗinka ba kowa ke gani ba, sai wanda ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka. Haka saƙon da ake turawa mutane da yawa lokaci ɗaya, yana ɗaukar mutum 256 a jeri guda amma wanda bai ajiye lambarka ba ba zai shigar masa ba. Kenan aikinka na kullum shine ka sa a ajiye ka. Duk wanda ya zo teburinka ya saya, kafin ya juya kace, Hajiya dan Allah ki saka lambata, in sabbin kaya sun sauka zaki fara gani kafin su ƙare, sai ki min filashin in ajiye taki. Ka tsaya har ka ga ta ajiye, kar ka yarda da zan saka in na je gida. Kai kuma ka ajiye ta da abin da zaka tuna, Hajiya mai leshi ruwan toka Bukuru, ba Kwastoma 14 ba. Ka buga 'yar sitika da lambarka ka manna a leda ko kwalba. A Facebook da TikTok ka saka mahaɗin wa.me da lambarka a gaba, ka fara da 234 ka cire sifilin farko, duk wanda ya taɓa kai tsaye zai faɗo cikin hirarka.

Akwai masu saida tarin lambobi, wai ka biya a zuba maka mutum dubu biyu su dinga kallon sitatus ɗinka. Kar ka ɓata kuɗinka, yawancinsu suma masu talla ne irinka, kowa na jiran wani ya saya. Haka ɗabi'ar jefa mutane a guruf ba sallama ba izini, mutum ya tashi da asuba ya ganshi cikin guruf ɗin takalma, abin haushi ne, kuma in mutane suka yi ta kai ƙararka WhatsApp zai rufe lambar. Ga shi tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, lambar kwastoma amana ce, ba'a rabawa.

Hoto, farashi, da lokaci

Nan zan ɗan daɗe don nan ake cin kasuwa ko a faɗi. Da farko ka goge gilashin kyamara da gefen riga, rabin hotunan da ke fitowa dishi-dishi maiƙon hannu ne kawai. Ka ɗauki hoto da safe a inuwa mai haske, bakin ƙofa ko gefen rumfa, ba cikin rana tsaka ba kuma ba ƙarƙashin kwan fitila da dare ba. Atamfa ko leshi ki shimfiɗa a kan farin zani, ki ɗauki ɗaya daga nesa ɗaya kuma kusa har a ga zaren, kar ki saka filta ko kaɗan, don in Hajiya ta ga ruwan hoda a waya aka kai mata ja, kin rasa ta kuma kin rasa ƙawayenta.

In kayan gwari ne bidiyo ya fi. A ce kana Farin Gada da kwandon dankali, ka kunna bidiyo, ka nuna saman kwandon, sannan ka juye shi a kan buhu a gaban kyamara har na ƙasan ya fito, ka ɗauki guda biyu a tafin hannu a ga girmansu, ka yanka ɗaya a ga cikinsa fari tas, kana yi kana magana da bakinka, ga shi nan na Bokkos ne, yau ya sauka, kwando kaza, rabin buhu kaza, muna aikawa Abuja da Kano. Sakan ashirin zuwa talatin ya isa. Kowa ya san halin kasuwa na manya a sama ƙanana a ƙasa, shi yasa juyewar nan kaɗai tafi duk wani rantse-rantse da zakayi. Mai gwanjo shi ma haka, ya ɗaga rigar sanyi ya nuna wuya da hammata da zif, in akwai ɗan tabo ya nuna ya rage kuɗi, wallahi mutane sun fi sakin jiki da mai nuna aibin kayansa.

Ka rubuta farashi. Wannan salon na a biyoni inbos don jin kuɗi ni ban ga amfaninsa ba, mutum yana tunanin ko dai kayan sun fi ƙarfinsa ko kuma kana so ka duba hotonsa ne ka yanka masa kuɗi daidai shaddarsa. Na san farashi na motsi, yau kaza gobe kaza, toh ka rubuta farashin yau ka saka kwanan wata. Mai son ragi zai nema ai, al'adarmu ce.

Kar ka cika sitatus. Ka tuna datar nan da muka ce ta yi tsada, in mutum ya ga ɗige-ɗige arba'in a saman sitatus ɗinka wucewa zaiyi, in abin ya ishe shi ya toshe ka gaba ɗaya baka sani ba. Biyar zuwa bakwai masu kyau sun wadatar, tunda awa 24 suke yi su sauka gobe ka saka wasu. Ka ɗan sirka da abin da ba talla ba, yadda ake gane zuma mai kyau, yadda ake ajiye dankali kar ya tsira, ko hoton kaya ana lodawa a mota. Amma rigimar siyasa da ta addini ka barta a layinka na gida. Mu a Jos mun san abin da jita-jita ke jawowa, kuma kwastomominka akwai Birom akwai Afizere da Anaguta da Ibo da Yarbawa, kowa da kuɗinsa ya zo. Saboda su ma, in ka rubuta da Hausa ka ƙara layi ɗaya da Turanci ko da na kasuwa ne. Wanda karatu ke masa wuya kuma ka tura masa murya, gajere, ba wa'azin minti biyar ba.

Lokaci kuma ka duba naka mutanen, amma abin da na lura an fi buɗe waya da safe kafin a fita da kuma bayan isha'i. Jos garin ma'aikata ne da ɗalibai, ƙarshen wata in albashi ya shiga shine lokacin fito da kaya masu tsada, tsakiyar wata kuma ƙanana. Kayan sallah tun kafin azumi ya raba ake fara nunawa saboda layin tela, na Kirsimeti tun Nuwamba, rigunan sanyi da barguna kuma kafin sanyin Disamba ya kankama, ba sai kowa ya riga ya saya ba.

Facebook, TikTok da tallar kuɗi

Waɗannan amfaninsu su kawo maka baƙon da bai sanka ba, daga nan ka ja shi zuwa WhatsApp ya ajiye lamba. TikTok yana iya nuna bidiyonka ga wanda baya binka, shi yasa sabon shiga ma kan dace. Facebook kuma har yanzu nan manyanmu suke, masu kuɗin saye, ga guruf-guruf na saye da sayarwa. Instagram ya fi tafiya da kayan mata da kwalliya da abinci, musamman in kana harin 'yan Abuja. Ba dole sai ka shiga duka ba, ka kama ɗaya ka riƙe da kyau. Kuma kar ka ɗora rayuwarka a kan shafin da ba naka ba, ka tuna an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 har Janairun 2022, masu kasuwa a can suka wayi gari ba kowa. Lambobin kwastomominka ka ajiye su a asusun Google ba a kan layi ko cikin waya kaɗai ba, manyan cikinsu kuma ka rubuta a littafi.

In zaka ba wani mai mabiya kuɗi ya tallata maka, kar yawan mabiyansa ya ruɗe ka. Kace ya nuna maka mutum nawa suka kalli abubuwan da ya saka a satin nan, kuma daga wane gari suke, manhajar tana nuna masa. Mai barkwanci da mabiyansa yara ne 'yan makaranta ba zai saida maka leshin dubu tamanin ba. Sau da yawa wata Hajiya mai guruf ɗin matan unguwa ko na 'yan adashi tafi shi kawo ciniki, don ita in tace abu yana da kyau an yarda.

Tallar da ake biyan Facebook da Instagram kuma tana aiki in ka saita ta daidai. Ka zaɓi Jos da kewaye ko garin da kake iya aikawa, kar ka bar ta a Najeriya gaba ɗaya kuɗinka ya tafi wajen wanda ba zaka iya kai masa ba. Ka zaɓi wadda in an taɓa take kawo mutum WhatsApp, ba wadda ke tara layik ba. Ka fara da kaɗan na kwana uku ko huɗu, da bidiyon da ka riga ka ga mutane sun so shi kyauta, ka sani kuma akwai harajin VAT na kashi 7.5 a kai. Duk wanda ya shigo ka tambaye shi, yallaɓai a ina ka ganmu, ka rubuta, bayan wata ɗaya zaka san inda ya kamata kuɗinka ya tafi. Masu maganin gargajiya da kayan mata, dan Allah a rage alƙawarin da ba'a iya cikawa, magani ɗaya ba ya warkar da cuta goma, kuma NAFDAC tana da hurumi a kan wannan.

Tes na mutane da yawa da ake saya a tura, ƙarfinsa ya ragu, tun 2016 duk wanda ya tura STOP zuwa 2442 an toshe masa saƙon talla. Amma kar ka raina masu ƙaramar waya mai toci, dattawa da mutanen ƙauye da ke kawo maka kaya daga Mangu ko Bokkos, su kira ɗaya na minti guda, Baba ina wuni, kaya sun sauka, yafi komai.

Kuɗi da aike

Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 tiransifa ta zama ruwan dare, mai shayi ma yana da OPay ko Moniepoint ko PalmPay. Ka samu asusu biyu a wurare daban, in netwok ɗin wannan ya tsaya ka bada wancan. Sunan da zai fito in an saka lambar asusun ya dace da sunan da aka sanka da shi, mutum yana hira da shagon turare sai ya ga sunan wani ƙato daban, dole gabansa ya faɗi. In sana'ar ta fara tsayuwa kayi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusu da sunan.

Ka'ida ɗaya ce ba sassauci, kaya basa fita sai ka buɗe manhajar bankinka da hannunka ka ga kuɗin sun zauna. Sikirinshot ba kuɗi bane, tes ɗin alat ma ana ƙirƙirarsa. Zasu zo maka da gaggawa, oga mota zata tashi, netwok ne ya riƙe, ga rasit nan ka gani, kace masa ba komai Alhaji mu jira tare. Akwai kuma mai cewa ya tura fiye da kuɗin bisa kuskure ka mayar masa da ragowar, alhali ko sisi bai shigo ba. Sai mai kira yace za'a saka ka a wani taro ko tallafi, an turo maka lamba shida ka karanto masa, wannan lambar shiga WhatsApp ɗinka ce, kana bashi ya kwace shafin ya fara bin kwastomominka yana karɓar kuɗi da sunanka. Ka shiga saitin WhatsApp yau ɗin nan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka saka lambar sirri da imel, minti biyu ne.

Wajen aike, cikin gari ka samu mai keke ɗaya ko biyu da ka sani ka san gidansu. Na wajen gari kuma in ka kai tasha, ka ɗauki hoton kayan a ɗaure da sunan mai shi a jiki, hoton lambar mota, ka karɓi lambar direba, ka tura wa mai kaya duka tare da lokacin da motar ta tashi. Ku gama maganar wa zai biya kuɗin mota tun kafin ya tura kuɗi, nan ne rigima ta fi yawa. Kayan da ke lalacewa irin su sitiroberi da tumatir da latas motar asuba ake basu, a kwali mai huji, kuma ka gaya wa direba kar a ɗora musu kaya a kai, in ya kama ka ƙara masa wani abu ka ƙara. Ka faɗa wa mai saye gaskiya cewa hanya hanya ce, in wani abu ya lalace ga yadda zaku raba asarar.

In kaya sun isa kar kayi shiru. Washegari ka tura, Hajiya an ga saƙo, ya kika same shi. In ta yaba, ka nemi izininta ka saka a sitatus, ka goge sunanta da lambarta da hotonta tukuna. In ta koka, ka kira ta da baki kar ku tsaya musu a rubuce, rubutu baya nuna fuska kuma ana iya ɗaukarsa a yaɗa.

Saura abu ɗaya, ranar da waya ta ɓata ko aka fizge, don yana faruwa musamman a cunkoso da cikin keke. Tun yanzu ka saka wa layinka lambar sirri ta SIM, yadda ko an cire shi an saka a wata waya ba zai buɗe ba, saboda ɓarayin yanzu layin suke nema su shiga banki da shi. In abin ya faru, banki zaka fara kira ko ka ari wayar wani ka rufe asusun, kowane banki yana da lambar dannawa ta rufewa, ka nemi ta naka ka rubuta a littafin shago tun yau. Daga nan ka kira kamfanin layi su toshe, kaje ofishinsu da NIN ɗinka a dawo maka da lambar, ka saka a wata waya ka buɗe WhatsApp, da ka shiga na wayar da aka sace zai fita da kansa. Sai ka saka sitatus ka sanar cewa duk wanda aka nemi kuɗi a wajensa tsakanin jiya da yau ba kai bane.